Me ya sa aka zaftare wa Everton maki cikin watanni, shari'ar Manchester City kuma ta ci shekaru?

"Assalamu alaikum Malam. Ni magoyin bayan Everton ne tun ina yaro, kuma tun da aka rage mana maki na zama abin tsokana a gidan kallon da nake zuwa. Wannan dokar kashe kuɗi daidai samu, don ƙananan ƙungiyoyi kaɗai aka yi ta? An cire wa Everton da Nottingham Forest maki a kaka ɗaya, Manchester City kuwa da tuhuma 115 a kanta tana ta ɗaukar kofi. Sannan idan mai ƙungiya ya ga dama ya zuba kuɗinsa, ina ruwan hukuma?" Daga wani mai karatu a Gusau.

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Tambaya uku ka dunƙule wuri ɗaya: dalilin kafa dokar, dalilin da ya sa hukuncin wasu ke sauri na wasu ke jan ƙafa, da kuma ko hukuncin yana faɗawa kan wanda ya dace. Sana'ata binciken asusun kamfanoni ce, na daɗe ina yin ta, don haka ta ƙofar littafin lissafi zan shigo maganar. Zan fara da tambayarka ta ƙarshe, domin ita ce tushen sauran.

Ina ruwan hukuma da kuɗin mai ƙungiya

Ka tuna Portsmouth. A watan Mayun 2008 Nwankwo Kanu ya ci ƙwallo ɗaya tilo a wasan ƙarshe da Cardiff, suka ɗauki kofin FA, a ƙungiyar akwai John Utaka da Sulley Muntari. Ba a cika shekara 2 ba, a Fabrairun 2010, bashi ya durƙusar da ita, aka miƙa ta ga masu kula da kamfanonin da suka kasa biyan bashi, aka cire mata maki 9, ta faɗi daga Firimiya. Zuwa 2013 tana rukuni na huɗu, sai da magoya baya suka haɗa kuɗi suka saye ta sannan ta tsira. Leeds ta buga wasan kusa da na ƙarshe a Gasar Zakarun Turai a 2001, a 2004 ta faɗi daga Firimiya, a 2007 tana rukuni na uku. Bury kuwa, wadda aka kafa tun 1885, korar ta aka yi daga gasar baki ɗaya a 2019.

Abin da ke faruwa iri ɗaya ne kusan kullum. Attajiri ya zo ya rattaba hannu kan kwantiragin shekara huɗu ko biyar da 'yan wasa masu tsada. Kwantiragin nan da sunan ƙungiya aka yi shi, ba da sunansa ba. Ranar da kasuwancinsa ya karye, ko sha'awar ta fita ransa, ya kama gabansa, albashin yana nan a wuyan ƙungiya. Masu shara da masu sayar da tikiti da ƙananan 'yan kasuwar garin da ke bin ta kuɗin kaya su ne ke fara shan wuya. A 2011 jimillar asarar ƙungiyoyin manyan gasannin Turai ta kai kusan yuro biliyan 1.7 a shekara ɗaya. A kan haka hukumar ƙwallon ƙafa ta Turai, UEFA, ƙarƙashin Michel Platini, ta amince da tsarin adalci a harkar kuɗi, wanda ake taƙaita sunansa da FFP, a 2009, aka soma aiki da shi daga 2011. Daidai ruwa daidai tsaki: ka kashe gwargwadon abin da ƙwallo ta samo maka ta tikiti da talabijin da talla da sayar da 'yan wasa. Kuma ta wannan fuskar dokar ta yi aiki, domin zuwa 2017 lissafin ƙungiyoyin Turai gaba ɗaya ya koma riba.

Dokar da ta kama Everton ba ta UEFA ba ce, ta gasar Firimiya ce, wadda aka kafa a 2013 ake kiranta PSR, wato dokar riba da ɗorewar ƙungiyoyi. Ta ce kada asarar ƙungiya ta wuce fam miliyan 105 cikin shekara 3, kuma fam miliyan 90 daga ciki dole ya zama mai ƙungiya ya tsaya masa da tabbataccen kuɗi. Ba a lissafa abin da aka kashe kan makarantar horar da yara, da ƙungiyar mata, da gina filin wasa, da ayyukan al'umma. Ka ga ashe ba a hana attajiri kashe kuɗi ba. Yana iya gina fili da filin atisaye iya son ransa. Abin da aka yi wa iyaka shi ne ɗora wa ƙungiya albashi da kuɗin sayen 'yan wasan da ba za ta iya ɗauka da kanta ba.

Duk da haka, ƙorafinka yana da tushe, ba zan ɓoye ba. Dokar da ta ɗaure kashewa da samu tana fifita wanda ya riga ya yi girma. Manchester United da Real Madrid sun gina kasuwarsu tun da daɗewa. Jack Walker ya zuba dukiyarsa Blackburn ta ɗauki gasar a 1995, Roman Abramovich ya yi haka a Chelsea daga 2003, babu wanda ya tare su. Da aka hau bene sai aka janye tsani. Newcastle, wadda asusun jarin gwamnatin Saudiyya ya saya a 2021, sai da ta sayar da Elliot Anderson da Yankuba Minteh a ƙarshen Yunin 2024 don kada ta tsallake iyaka. Kuma adadin nan na fam miliyan 105 shekaru suka yi ta wucewa ba a taɓa shi ba, alhali farashin 'yan wasa ya ninka.

Laifin Everton da tuhumar City ba jinsi ɗaya ba ne

A nan ne mafi yawan gardamar gidan kallo ke kuskure. Everton da kanta ta miƙa lissafinta. Kwamitin da ya saurari ƙarar ya ce asararta ta shekarun da suka ƙare a kakar 2021-22 ta kai fam miliyan 124.5, wato ta zarce iyaka da fam miliyan 19.5. Ƙungiyar ba ta musa cewa ta zarce ba, gardamarta a kan yawan abin da ta zarce ne, da uzurorin da ta kawo: kuɗin ruwan bashin da ta ce na gina sabon filinta ne a Bramley-Moore Dock, da annobar korona, da yaƙin Yukren da ya raba ta da tallan kamfanonin Alisher Usmanov. Shari'ar da mai laifi ya amsa laifinsa ba ta daɗewa. A Nuwamban 2023 aka cire maki 10, a Fabrairun 2024 ɗaukaka ƙara ya mai da su 6, a Afrilu aka ƙara cire 2 saboda lissafin shekarar da ta biyo baya.

Forest ma haka. Da ta hau Firimiya a 2022 ta sayi 'yan wasa sama da 20 a bazara ɗaya, ciki har da Taiwo Awoniyi. Iyakarta fam miliyan 61 ce, saboda shekara biyu daga cikin ukun a rukuni na biyu ta yi su, kuma ta zarce da fam miliyan 34.5. Hujjarta ita ce ta jinkirta sayar da Brennan Johnson har Tottenham ta biya fam miliyan 47.5 a ranar 1 ga Satumban 2023, maimakon ta karyar da shi kafin a rufe littafi ranar 30 ga Yuni. A matsayina na akanta na fahimci wannan hujja, domin ƙungiyar ta fi samun kuɗi da jiran da ta yi. Amma ranar rufe littafi ba ta matsawa don wani ya ji daɗi, in ba haka ba lissafi ya tashi daga lissafi. Aka cire mata maki 4 a Maris na 2024.

Ita kuwa City ba a ce littafinta ya nuna asarar da ta wuce iyaka ba. Abin da Firimiya ta tuhume ta da shi a Fabrairun 2023 shi ne cewa bayanan da ta miƙa daga kakar 2009-10 zuwa ta 2017-18 ba su nuna gaskiyar halin kuɗinta ba, musamman kuɗin talla da albashin koci da na wasu 'yan wasa, sannan ba ta ba masu bincike haɗin kai ba. Zargin ya samo asali ne daga saƙonnin imel da mujallar Der Spiegel ta Jamus ta wallafa a 2018, waɗanda aka ce suna nuna kuɗin mai ƙungiyar ne ke shigowa da rigar talla ta hannun kamfanonin Abu Dhabi. City ta musanta dukkan tuhumar. An saurari shari'ar daga Satumba zuwa Disamban 2024, kakar 2024-25 ta ƙare ba a yanke hukunci ba.

Bari in ba ka misali daga aikina. Na taɓa duba littafin wani kamfanin sayar da kayan masarufi da ke neman rance a banki. Sati biyu kafin ƙarshen shekara sai ga wani babban ciniki da ya mai da asara riba. Da na bi sawu, kamfanin da ya sayi kayan na ƙanin mai kamfanin ne, farashin ya ninka na kasuwa, kayan ma ba su bar sito ba. Aljihun dama ne ya saya daga na hagu. Gano wanda ya kashe fiye da ƙima aikin yini ɗaya ne, ka haɗa lambobi ka cire. Amma tabbatar da cewa takarda mai sa hannu da hatimi ƙarya ce, wannan sai ka bi kuɗin daga asusu zuwa asusu, kuma sau da yawa asusun ƙarshe yana hannun wanda ba ka da ikon tilasta masa ya buɗe maka. A batun City wannan asusun yana wata ƙasa, kuma hukumar gasa ba 'yan sanda ba ce, ba ta da ikon kutsawa ofis ta kwashe kwamfutoci.

UEFA ta riga ta ɗanɗana wannan. A Fabrairun 2020 ta dakatar da City daga gasanninta na kaka 2 tare da tarar yuro miliyan 30. A Yulin shekarar kotun ɗaukaka ƙarar wasanni da ke Lausanne ta soke dakatarwar, ta ce wasu zarge-zargen ba a tabbatar da su ba, wasu kuma wa'adin shekara 5 da dokar UEFA ta gindaya ya wuce a kansu. Ta bar tarar yuro miliyan 10 kan ƙin ba da haɗin kai. PSG ma, bayan ta sayi Neymar kan yuro miliyan 222 a 2017, ta yi nasara a wannan kotu a 2019 saboda UEFA ta makara wajen sake buɗe bincikenta. Dokar Firimiya ba ta da irin wancan wa'adi, shi ya sa tuhumarta ta koma har 2009.

Ni akanta ne, ba lauya ba, kuma wanda bai zauna ya ga shaidun da aka baje wa kwamiti ba bai da hurumin cewa City ta yi ko ba ta yi ba. Abin da zan iya cewa shi ne, tsarin da ke hukunta mai amsa laifi cikin watanni, ya bar mai ƙarfin ɗaukar manyan lauyoyi shekaru, yana koya wa ƙungiyoyi mummunan darasi.

Wane hukunci ne ke cizo

Tara ita ce hukuncin da aka fi yi, kuma ita ce mafi rauni. A 2014 UEFA ta ci City da PSG tarar yuro miliyan 60 kowacce, amma miliyan 40 daga ciki na jeka-ka-gyara-halinka ne, ana mayarwa in an cika sharaɗi. A Yulin 2025 ta ci Chelsea yuro miliyan 31, Barcelona miliyan 15, Aston Villa miliyan 11. Ka tsaya ka auna: laifin mutum shi ne yana da kuɗin da ya fi ƙarfin doka, sai ka ce hukuncinsa ya biya kuɗi. A littafin irin waɗannan ƙungiyoyi tara layi ɗaya ce a cikin kuɗin gudanarwa, kusa da kuɗin jirgi da na otal. Idan zuwa Gasar Zakarun Turai zai kawo ninkin tarar sau uku ko huɗu, duk mai lissafi ya san abin da zai zaɓa. Ƙaramar ƙungiyar da asara ta riga ta kama kuwa, tara ƙara mata ciwo take yi.

Kora daga gasar Turai tana cizo, amma ka duba waɗanda ta tabbata a kansu: Malaga a 2013, Dynamo Moscow a 2015, Galatasaray a 2016, AC Milan a 2019, Juventus a 2023. Milan daga gasar Europa aka cire ta, Juventus daga gasar Conference, a lokacin da dukansu biyu ba su kan ganiyarsu.

Cire maki shi ne hukuncin da ya dace da laifin a hankalce, tunda wanda ya kashe fiye da ƙima maki ya saya da kuɗin. Matsalata da shi biyu ce. Ta farko lokaci. Laifin Everton na kakar 2021-22 ne. A waccan kaka ta gama da maki 39, Burnley ta faɗi da maki 35. Da an cire maki 6 ɗin nan a lokacin, Everton ce za ta faɗi, Burnley ta tsira. Da aka zo cirewa bayan shekara biyu, wanda aka zalunta bai amfana ba, Everton ta gama ta 15, Forest ta 17, babu wadda ta faɗi. Na san wannan ba zai yi maka daɗi ba, amma mutumin Burnley yana da kukan da ya fi naka. Ta biyu ita ce rashin ma'auni. A lokacin babu wani jadawali da ya ce wanda ya zarce da kaza za a cire masa kaza. Shi ya sa Everton da ta zarce da fam miliyan 19.5 ta tashi da maki 6, Forest da ta zarce da 34.5 ta tashi da 4, an rage mata saboda ta amsa da wuri ta ba da haɗin kai. Maki 10 na farko ma sun wuce maki 9 da dokar Firimiya ta tanadar wa ƙungiyar da ta durƙushe gaba ɗaya. A Italiya an cire wa Juventus maki 15 a Janairun 2023, a Afrilu aka mayar mata, a Mayu aka sake cire 10. Teburin gasar da ke canzawa a ofishin lauyoyi ana tsakiyar kaka ba ya yi wa kowa adalci.

Akwai kuma abin da ya fi damuna: an bar jaki ana dukan taiki. Wanda ya sa hannu kan kwantiragin da ya jawo asarar shugaban ƙungiya ne da daraktocinsa. Wanda ke kwana da baƙin ciki kai ne a Gusau da ɗan garin Liverpool da ya gaji kujerarsa daga mahaifinsa. Derby County an cire mata maki 21 a kakar 2021-22 ta faɗi rukuni na uku, magoya bayanta ba su ci ko sisi ba. A wannan fannin, Italiya ta yi abin da ya kamata a kwaikwaya, domin ta haɗa da dakatar da shugabannin Juventus, har da Andrea Agnelli, daga harkar ƙwallo. A ganina duk hukuncin da bai taɓa mai sa hannu ba bai cika ba.

Dabarun kauce wa doka

Da zarar an kafa iyaka, akantoci sun shiga neman ƙofar baya, kuma wannan fannin na san shi sosai. Idan ƙungiya ta sayi ɗan wasa, ba a rubuta kuɗin duka a shekara ɗaya, ana raba shi kan shekarun kwantiraginsa, kamar yadda kamfani ke raba kuɗin babbar motar da ya saya kan shekarun da za ta yi aiki. Ɗan wasan fam miliyan 80 a kwantiragin shekara 4, miliyan 20 ne a shekara. A kwantiragin shekara 8, miliyan 10. Abin da Chelsea ta yi ke nan da Enzo Fernandez da Mykhailo Mudryk, shekara takwas da rabi kowannensu, har UEFA da Firimiya suka taƙaita rabon zuwa shekara 5 a 2023. Idan kuma aka sayar, ribar duka ana rubuta ta nan take. Yaron da ƙungiya ta rena tun yana ƙarami ba shi da kuɗin saye a littafi, don haka duk abin da aka sayar da shi riba ce tsantsa. Sakamakon shi ne dokar da aka yi don kare ƙungiyoyi ta koma tana tura su sayar da 'ya'yan gida. A Yunin 2024 Everton ɗinka da Aston Villa sun yi cinikin matasa biyu a tsakaninsu, Lewis Dobbin ya tafi, Tim Iroegbunam ya zo, kowa ya rubuta riba kafin ranar 30 ga wata. Juventus da Barcelona sun yi irinsa a 2020, aka yi wa Arthur kuɗi yuro miliyan 72, Miralem Pjanic miliyan 60, alhali tsabar da ta sauya hannu kaɗan ce. Chelsea ta sayar wa kamfanin masu ita otal biyu kan fam miliyan 76.5, Firimiya ta karɓa, UEFA kuwa ba ta lissafa irin wannan ciniki.

A nan ilimin lissafi ke da iyaka. Buhun shinkafa yana da farashin kasuwa da zan iya zuwa in tambaya. Yaro ɗan shekara 19 da ya buga wasa shida ba shi da shi, darajarsa ita ce abin da mai saye ya yarda ya biya. Duk wanda ya ce maka zai iya tantance ta daidai da alƙalami, ka yi hattara da shi.

Abin da na fi gamsuwa da shi

Sifaniya ta bi wata hanya tun 2013. La Liga tana duba kasafin kowace ƙungiya kafin a fara kaka, ta yanka mata iyakar abin da za ta kashe kan 'yan wasa, wanda ya wuce ba za a yi masa rajista ba. Wannan ce ta hana Barcelona riƙe Lionel Messi a Agustan 2021, duk da ya yarda a rage masa albashi. Tsarin yana da nasa ramukan, Barcelona ta sayar da kashi 25 cikin 100 na kuɗin talabijin ɗinta na gasar La Liga na shekara 25 masu zuwa don ta samu sararin saye a 2022. Amma ya taɓa ƙungiya mafi girma da ɗan wasa mafi girma, a kan lokaci, ba tare da an taɓa teburin gasa ba. UEFA ma tun 2022 ta karkata can, ta ce albashi da kuɗin saye da ladan dillalai kada su wuce kashi 70 cikin 100 na kuɗin shiga, bayan ta sauko da shi daga 90 zuwa 80. Da ni ake shawara, zan ce a hana rajista tun kafin a yi ɓarna, a rubuta ma'aunin cire maki kowa ya san shi tun farkon kaka, a yanke hukunci cikin kakar da aka miƙa lissafi, a kuma sa hukuncin ɓoye takardu ya fi na zarce iyaka tsanani nesa ba kusa ba.

Wannan na ƙarshen shi za ka sa wa ido duk ranar da takardar hukuncin City ta zo hannunka. Kada ka tsaya kan lamba 115, domin da yawa daga ciki abu ɗaya ne da aka maimaita kaka bayan kaka. Ka nemi sashen da ya yi magana kan inda kuɗin tallan ya fito, sannan ka nemi sashen ƙin ba da haɗin kai, ka ga abin da aka yanka a kansa, ka ajiye shi kusa da maki 8 da aka cire wa Everton bayan ta buɗe littafinta da hannunta.